Abin da Kalangun Badamasi Ya Faɗa

Duk wanda ya zauna a unguwar Ard al-Liwa ta Alƙahira ya san ƙarar masu sayar da gas. Mutum zai ɗaure tukwanen a bayan keke, ya riƙe sifana, yana bin lungu-lungu yana dukan ƙarfen, ƙwal ƙwal ƙwal, har wata ta leƙo daga bene ta tsayar da shi. Sana'ar Badamasi ke nan, amma ba ita ta kawo shi Alƙahira ba.

Karatu ne ya kawo shi. Ɗan Malumfashi ne, daga gidan makaɗan mahauta, masu kalangu tun kaka da kakanni. Mahaifiyarsa kuwa, Inna, 'yar gidan malamai ce da ta kafe sai makaɗi. Ta aure shi, danginta suka yi ta yi mata gori har ranar da aka kai mijin makwancinsa, kuma ba su daina ba. Gorin nan ya ci mata rai. Shi ya sa tun Badamasi yana ƙarami, in ta ga hannunsa a kan fatar ganga sai ta make shi. Uban da ƙanensa, Baffa Habu, su kuma sai su faki idonta su koya masa a bayan rumfar nama. Da yaron ya samu gurbin karatun addini a Masar, Inna ta bi gidajen danginta ɗaya bayan ɗaya, wai sallama take kai shi, alhali kowa ya san abin da ta je nunawa. Daga ranar ba ta ƙara kiransa da komai ba sai Malam.

To, karatu dai ya ƙi. Ba wasa ya yi ba, wallahi ya yi iya yinsa, nahawu ne kawai ya ƙi zama a kansa. Ya faɗi jarrabawa, ya maimaita, ya sake faɗuwa. Tallafi ya tsaya, ya bar ɗakin kwanan ɗalibai, iƙamarsa ta zama a ƙasar ta ƙare. Ya tattara komatsansa ya koma cikin 'yan Sudan, inda ba zai yi kiciɓis da abokan karatu ba. In ya hango motar 'yan sanda sai ya karya kan keke ya shige lungu. Gida kuma ba ya komuwa, da wane ido zai dubi Inna? Gaba kura, baya siyaki. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci takan kira shi, ya ba ta labarin malamai da littattafan da ya daɗe bai gani ba, in ya ajiye wayar ya ji ya tsani kansa.

Sai dai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sauran masu gas duka kawai suke yi, shi kuwa hannunsa bai iya dukan banza ba. Ko bai yi niyya ba, sai ka ji sifana ta faɗa cikin kiɗa. Wata rana da hantsi yana cikin haka sai ga wani Balarabe mai tarin suma ya faɗo daga wani bene, ko takalmi babu, yana ɗaga masa hannu.

"Ma'alish, ma'alish," Badamasi ya fara ba da haƙuri, yana shirin gudu.

"Kullum sai ka ɓata mana ɗaukar kiɗa daga waje," in ji mutumin yana haki. "Yalla, hawo ka ɓata ta daga ciki."

Sunansa Amjad, yana busa saksofon, wata algaitar Turawa mai lanƙwasa. Shi da wata mata, Israa, suna da kamfanin fitar da kiɗa a saman benen. Kamfani a baki! Ɗaki biyu ne aka manna wa katifu da kwalayen ƙwai don kada maƙwabta su kai ƙara. Suna buga kaset 'yan kaɗan, su sa sauran a intanet, masu saye kuwa tsirarun Turawa ne a can wasu ƙasashe. Kiɗan nasu kuma, tabɗi! Jaz mai 'yanci suke ce masa. Ba waƙa, ba amshi, ba inda mai rawa zai sa ƙafa. Amjad ya busa kamar akuya ta maƙale a danga, Israa tana karta tiren shayi da cokali, idonta a rufe. Badamasi ya ciji leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa. A garinsu da tuni an kira musu mai ruƙiyya.

Amma ya koma, ya kuma sake komawa. Duk faɗin Alƙahira, nan ne kaɗai ɗakin da ba wanda zai tambaye shi ajin da yake. Ya buga musu tukunyar gas, suka yi ta murna kamar ya kawo musu tsaraba. Abu ɗaya ne ya hana shi sakewa: wani kalangu da ke rataye a bango, wanda Israa ta saya wurin wani matafiyi don ado. Badamasi ya riƙa kauda kai daga gare shi kamar mai gudun haɗa ido da suruka. Rannan dai ya sauko da shi, wai tsarkiyar ce ta saki, zai ɗan gyara. Kafin ya ankara yana hammatarsa.

Israa ta ce lallai sai an ɗauka. Ya ce da sharaɗi: ba sunansa, ba hotonsa.

"Tamam," ta ce. "Sai mu rubuta, kalangu, wani baƙo."

Ranar ɗauka, bayan azahar, an rufe tagogi, zafi kamar ya dafa mutum. Ya fara da taken mahauta, abin da hannu ya saba. Israa ta tsayar da na'ura.

"A'a, Badamasi. Wannan kiɗan wasu ne, haddarsa ka yi. Mu a nan ba a kawo hadda. Faɗi abin da bakinka ya kasa faɗa."

Ita fa salon magana take yi, haka take gaya wa duk wanda ya shigo ɗakin. Ina ta san kalangu magana yake yi, magana ta gaske? Ka matse shi murya ta hau, ka sassauta ta sauka, har ta zama Hausa a kunnen wanda ya tashi a gidan. Badamasi ya tsaya yana kallon katifun bango. Ya ce a ransa, to wa zai ji? Turawa?

Sai ya buga taken da mahaifinsa ya yi wa Inna tun suna saurayi da budurwa, kamar mai sallama a ƙofar ɗakinta. Sannan ya gaya mata. Na faɗi. Na bar aji. Gas nake sayarwa. Ki yafe ni. Ya faɗa a hankali, ya faɗa da ƙarfi, ya kakkarya maganar ya sake haɗa ta, Amjad yana bin sa da busa kamar mai taya kuka. Da suka tsaya, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Israa ta share hawaye, ta ce ba ta taɓa jin sautin da ya kuɓuta daga ma'ana irin wannan ba. Badamasi bai gyara mata ba. Ya sauko daga benen nan sakayau, ya faɗa kuma ba wanda ya ji, abin da ya zata ke nan.

Ya manta intanet ba ta da shinge. Wani mai neman abin dariya ya yanko guntun kiɗan ya watsa a wayoyi, wai ku ji yadda Larabawa suka haukata kalangu. Daga wannan waya zuwa waccan, har Malumfashi. Wata Talata da safe Baffa Habu ya kira, ko gaisuwa bai tsaya amsawa ba.

"Kai, ɗan nan. Hannun yayana na ji, yayana kuma yana ƙasa. To wa ya rage?"

Badamasi ya dafe kai, Baffa ya ɗora.

"Ka ɓoye sunanka, sannan ka buga taken uwarka? Wane irin wayo ne wannan?"

"Baffa, don girman Allah kada Inna ta ji."

"Ka makara. A gidan suna wata yarinya ta kunna shi, a gaban danginta. Ni ban ce uffan ba. Amma tsofaffin matan nan sun yi rawa da taken nan ranar bikinta, ka zaci sun manta?"

Ya ruga wurin Israa. Nan take ta cire kiɗan daga intanet, tana ta ba shi haƙuri, hankalinta a tashe, amma khalas, bakin alƙalami ya bushe.

Abin mamaki, kafin Juma'a tsoron ya fara sakinsa. Ai shi ke nan, asiri ya tonu, ba sauran abin ɓoyewa. Za ta yi kuka, za ta yi faɗa, ƙila ta yi wata ba ta yi masa magana ba, amma daga ƙarshe za ta ce ya dawo. Zai je ofishin jakadanci ya faɗi halin da yake ciki. Har ya fara tuna ƙamshin balangu a bakin kasuwarsu, abin da ya daɗe da hana kansa tunawa. Kai, ya yi marmarin gida!

Ana saukowa daga masallaci wayar ta yi ƙara. Ya jingine keken a wani lungu, ya durƙusa kamar tana gabansa.

"Inna, ina wuni. Akwai maganar da nake so…"

"Saurara tukuna," ta ce. "An kunna wani kiɗa a gidan suna, wai kai ne. Yayyena suka zuba min ido, har da masu murmushi."

"Inna…"

"Rabin rayuwata da kalangu na kwana na tashi. Ba abin da zai faɗa ya wuce kunnena. Na ji shi daga farko har ƙarshe." Ta ja numfashi. "Sai na miƙe na ce a kawo Alƙur'ani. Na dafa shi a gabansu, na ce ɗana bai taɓa ganga ba tun da ya bar ƙasar nan, yana can yana karatunsa."

Inna fa! Matar da ko a ciniki ba ta cewa wallahi.

"Ni bisa abin da ɗana yake gaya min na rantse," ta ci gaba. "In dai bai canja magana ba, rantsuwata tana nan daram, ba ni da alhaki. In kuwa ya canja, to na dafa Littafin Allah a kan ƙarya, gaban mutane. Ka gane?"

Ya gane. Ta ji komai, kuma roƙonsa take yi.

"To ina tambayarka. Kai ne?"

Ya buɗe baki, hawaye suna shiga. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da gida, kuma ita ce za ta kayar da tsohuwar nan ƙasa a gaban waɗanda suka daɗe suna jiran faɗuwarta.

"Ba ni ba ne, Inna."

Ya ji ta sauke ajiyar zuciya, doguwa, mai haɗe da kuka.

"To, Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Ka zauna nan har ka gama, komai daɗewa. Ina jira."