Yatsun Likitan Zarto

Likita ake ce masa, ko da yake bai taɓa yi wa kowa allura ba. Injinan zarto na sare bishiya yake gyarawa a wata rumfar kwano bayan gidansa. Masu sara kuwa ba sa kawo inji sai ya kai gargara: fetur ya kwana a ciki ya yi tsami, filogi ya yi baƙi ƙirin, ƙurar katako ta toshe ko'ina.

Shi ba ya tambayar mai inji abin da ya faru, don ya san ƙarya za a yi masa. Igiya yake ja a hankali, yatsunsa su gaya masa ko fistin ɗin cikin injin ya cinye. Da yatsun nan ya aurar da 'yarsa. Sai dai girgizar inji ta shekara da shekaru ta cinye su su ma. Yanzu fari suke yi da safe, ko allura aka soka masa ba ya ji. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Tsoro yake ji.

Wata safiya mijin 'yar tasa ya shigo da inji a kafaɗa. Shi mai hawa bishiya ne, a can sama yake yanke rassa.

"Baba, a taimaka mini. Akwai wata bishiya a bayan layi, yau nake son gamawa da ita."

"Kai, wannan ai gawa ka kawo mini. Birkin da ke tsayar da sarƙar zarton ma ya saki. In ta yi tsalle, wuyanka za ta nufa."

Likita ya wanke kafireta, ya sauya filogi, ya kwance birkin ya mayar. Ja ɗaya injin ya tashi. Surukin ya durƙusa ya yi godiya, ya tafi yana murna.

Da rana matar Likita ta kawo masa ruwan wanke hannu a buta. Tana zubawa sai ta tsaya cak.

"Malam, mene ne wannan a hannunka?"

Wani ɗan siririn ƙarfe ne ya nutse a naman babban yatsansa, jini ya bushe a gefensa. Likita ya gane shi nan take. Shi ne makullin da ke riƙe birkin. Ya ɗauka ya danna shi cikin inji, ashe cikin yatsansa ya danna.

Ya kira wayar surukin. Tana ta ƙara, ba a ɗaga ba.

Sai suka jiyo inji ya tashi daga bayan layi. Ko cikin dubu Likita ba zai kasa gane muryar gyaransa ba, tas take fita, babu gargada. Can ƙarar ta yi nauyi, alamar sarƙa ta shiga itace.

Matar ta saki butar.

"Malam, kada ka tsaya neman takalmi."