Sojojin Dalmar da Na Zuba a Shara

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Bulus, kuma har yanzu akwai maganar da ban faɗa masa ba.

Mun haɗu a Landan lokacin da kuɗin mai ya yi wa gwamnati yawa, take ta tura mu karatu. Ni Bakano, shi Kirista daga Jos, gida ɗaya muka kama haya a unguwar Lewisham. Shi ya ja ni wani wasa da Turawa ke yi ranar Asabar da rana. Manyan mutane da gemunsu za su kewaye tebur, su jera sojojin dalma da ba su kai ɗan yatsa ba, Kiristocin zamanin da a gefe guda, a ɗaya gefen Musulmin da suke kira Sarasin. Kowa da rundunarsa, a auna tafiyar doki da rula, a jefa ɗan lido a ga wanda ya faɗi. Ranar farko na yi musu dariya. Kafin wata ya ƙare ni ke tashin Bulus mu tafi.

Muka yi wata al'ada tamu: shi zai yi wa sojojin Musulmi fenti, ni in yi wa na Kiristoci. Yakan sa ni naɗa rawani a gabansa don kada ya yi kuskure. Ni kuwa hannuna ba ya rawa, na zana wa kowane soja jan gicciye a garkuwarsa.

Wata Lahadi sai ga Alhaji, wan mahaifin Hadiza da nake nema, ya zo Landan ganin likita ya biyo ta wurina. Sojojin suna shanye a kan tebur. Ya ɗaga ɗaya ya duba.

"Kai kuma me ya haɗa ka da gicciye?"

"Ranka ya daɗe, shirmen arnen nan ne da muke zama tare."

Bulus yana bakin ƙofar kicin da tiren shayi. Hausarsa ta fi tawa. Ya ajiye tiren, ya durƙusa ya gaishe da Alhaji. Ni kuma, don in cika aikina, na tattara sojojin na zuba a kwandon shara.

Na auri Hadiza, Bulus ya zo biki har Kano. Shekaru muna zumunci, bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma na lafe a bayan shirunsa. Kullum sai in ce sai mun haɗu nan gaba. Tsoro ne kawai, kuma ina jin kunyarsa har yau.

Da zai ga yadda jikokinmu ke zagin addinin juna a waya, ban san me zai ce ba. Ina jin kujera zai jawo musu, ya ce kowa ya ɗauki rundunar ɗan'uwansa. Ni dai ba ni da bakin yi musu faɗa.

Bayan jana'izarsa matarsa, Rifkatu, ta miƙo mini gwangwanin biskit, ta ce ya bar mini. Sojojina ne, kowane a naɗe da auduga, masun da suka karye an liƙe su da gam.

Suna falona yanzu, inda kowane baƙo zai gani. In an tambaya, sai in ce na abokina Bulus ne, kuma gicciyen ni na zana.