In An Gama Shato

Ranar hawan Arfa, shekarar da na shiga aji uku a lekwal, wato firamare, ina tsugune a layin famfo a gindin shaton unguwarmu ta wajen Farcha, ina ta ƙunƙuni saboda an hana ni zuwa ƙunshi. Shato shi ne babban tankin ruwan da muke sha, wata ƙatuwar tukunyar siminti a kan dogayen ginshiƙai, da tsanin ƙarfe a tsakiya wanda aka hana mu taɓawa. Sai ga kakana, Malam Ɗanladi, da sandarsa. Ya kama hannuna ya shafa shi a jikin ginshiƙi, na ji wasu layuka a kwance. Ya ce shatin katakon da suka kafa ne kafin su zuba kankare, kuma shi da kansa ya buga ƙusoshin wannan. Na ce to tunda shi ya gina, me ya hana ya karkato bakinsa zuwa gidanmu? Ya yi dariya har da tari, ya ce in je in tambayi Iya.

Iya ita ce matarsa, kakata, kuma ita ce silar duk wahalata. Daga ƙasar Katsina suka taso a ƙafa suna sabon aure, da niyyar Makka, tun ana kiran garin nan Fort-Lamy. Guzuri ya ƙare, Kaka ya samu aikin gini, ya ce mata in an gama shato sai su wuce. Aka gama, aka haifi babana, aka haifi ƙannensa, Baba ya girma ya kama sana'ar fawa a mayankar Farcha. Maganar ta zama abin tsokana a gidanmu. Ka tambayi yaro yaushe zai wanke kwano, sai ya ce maka, “In an gama shato.”

Iya kaɗai ce ba ta dariya. Haraminsu yana ninke a ƙasan akwatinta, duk shekara takan shanya shi ta mayar. Sau da dama Baba ya kawo maganar jawo famfo cikin gida kamar yadda maƙwabta suka yi, ta ce sam, matafiyi ba ya jawo famfo. A wurinta, ranar da ruwa ya zuba a tsakar gidan nan, ranar ta yarda tafiya ta mutu. Saboda haka mu jikoki muka zama famfon. Da an yi ihun “Almi ja!”, wato ruwa ya zo, sai mu kwasa da bokitai da jarkoki. A inuwar shaton muke carafke muna jiran layi, muna gardamar ko akwai kifi a ciki. Kaka ya ce babu, ruwan rijiyar burtsatse ne inji ke turawa sama don ya gangaro da ƙarfi cikin bututu. Ban yarda ba sai da na girma. Gaskiya na ji haushin Iya a lokacin, wuyana ya sha kaya.

Kaka ya rasu da bazara, ina gab da gama firamare. Mu muka ɗebo ruwan wankansa, daga gindin ginshiƙan da ya kafa. Da aka tashi aika yaro kasuwa sayen likkafani, Iya ta ce a dakata. Ta buɗe akwati, ta ciro haramin nan da ya fi babana shekaru, ta miƙa a yi masa sutura da shi.

Bayan an share makoki ta kira Baba, ina zaune ina tsefe mata kai.

“Ɗan nan, ka kira mai famfon. Ba inda zan je in bar shi.”

Ranar da ruwan ya zubo a tsakar gida yara suka yi ta tsalle, ni da na fi kowa son abin na shige ɗaki na yi kuka.

Yau gidaje masu bene sun kewaye shaton, sai ka zo kusa kake ganinsa. 'Ya'yana suna murɗa famfo ba su san daga ina ruwan yake ba. Nakan tsaya in shafa layukan katakon in na bi ta wajen. Da zan samu Iya ta sake cewa sam, da na ɗauki bokitina ba ƙunƙuni.