Jar Fitilar da Hodi Ya Cire

Da asuba Maigandi yana tsugune ƙofar rumfarsa a tashar Argungu, yana kankare bakin batir da tsohuwar wuƙa. Shekara talatin ke nan yana gyaran wayoyin mota a wurin. Ba ya son surutu, ba ya iya zama. Ko shayi a tsaye yake sha. Kayan aikinsa mitar awon wuta ce mai tsagaggen gilashi da gwangwanin madara cike da ƙananan ƙwayayen fitila.

Bai gama ba aka turo a-kori-kurar Hodi, direba ɗan Augie, maƙare da albasa. Babbar motar da za ta kwashi albasar zuwa kudu tana Birnin Kebbi, kuma da azahar za ta tashi. In ta tafi, albasar gida huɗu za ta zauna a rana ta ruɓe.

"Baba Maigandi, batir na uku ke nan cikin sati guda! Altanato ya mutu, ya bar cajin batir, canza min shi kawai."

"Kai ka yi mai wanka, da ka san ya mutu? Matsa."

Maigandi ya ɗora nasa batirin, aka tada injin, ya kafa mita. Allura ta tsaya kan sha biyu tana ja da baya, alhali sha huɗu ya kamata ta kai. Ya kashe, ya danna fambel mai juya altanato da yatsa: a ɗaure yake tam. Ya kwance bayan altanato, burushin cikinsa bai cinye ba. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya shiga ƙarƙashi, ya fito, ya sake shiga. Rana ta ɗaga, warin albasa ya cika rumfa. Hodi na kai da kawo, wayarsa na ta ƙara.

Maigandi ya share gumi, ya faɗa kujerar direba, ya murɗa makulli rabi. Fitilar mai ta kama. Ta batir shiru.

"Ina jar fitilar nan?"

Hodi ya sosa ƙeya. "Ai tun da na ratsa ruwan Zauro take ƙyafta min ido. Masu kaya sai tambaya suke, mi ya faru, mi ya faru. Na ɗaure fambel, ita kuwa na zare ta, kowa ya huta."

"Kowa ya huta," in ji Maigandi. "Ta cikin ƙwan nan wuta ke bi ta tada altanato. Ka cire ladan, kana mamakin ba a taho masallaci ba."

Ya zazzage gwangwaninsa, ya gwada ƙwai uku, na huɗu ya shiga. Ya murɗa makulli, ja ta kama. Injin ya tashi, fitilar ta mutu. Allura ta haura sha huɗu ta tsaya.

Hodi ya fara zuba godiya.

"Kana godiya, azahar na tahowa. Tafi!"

Motar ta hau titin Birnin Kebbi, buhuna na rangaji. Maigandi bai bi ta da kallo ba. Ya mayar da sauran ƙwayayen cikin gwangwani, ya ɗauki wuƙarsa, ya koma kan batirin da ya bari tun asuba.