Tsarabar Malam Gali

A Durun, in ka ce Gali kawai, sai an tambaye ka wanne. Ka ce Gali na gidan zu, yanzu a nuna maka gidan da ke bayan injin niƙa. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana aiki a gidan namun daji na birni, share keji, yankan ganye, kwasar kashi. Albashin kuwa gara kada a tona. Sai ya yi mako biyu zai hawo motar Gwarzo ya sauka a mararrabar Kabo, ya ƙarasa gida.

Magidanci ba ya shiga gidansa hannu rabbana. Wasu su riƙo burodi, wasu sabulu. Shi Gali tsarabarsa labari ce. Da ya ci tuwo ya wanke hannu, matarsa Barira za ta jawo kujera 'yar tsugunno ta ce, "To Malam, yaya mutanenka?" Shi ke nan bakinsa ya buɗe. Biri ya fizge hular wani Alhaji, jimina ta haɗiye makullin ofis, kura ta yi fushi ta ƙi cin abinci. Amma duk inda labari ya zaga, a kan Marka yake tsayawa, wata raƙumar dawa da aka kawo tana 'yar ƙarama a tsakiyar damina, shi ya sa mata sunan, shi ya raine ta. Idan zai koma, Barira da kanta take tsinto masa 'ya'yan gawo ta ƙulle a buhu ta ce a kai wa Marka.

Ba ta taɓa ganinta ba. Kullum sai ya ce da Sallah zai kai ta, alhali ya fi kowa sanin ranar Sallah ma'aikacin gidan zu ko ruwa ba ya samun sukunin sha. Sallah ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, har furfura ta cim musu.

Gidan zu ɗin bai lalace a rana ɗaya ba. Giwa ta mutu, ba a kawo wata ba. Likitan dabbobi ya yi ritaya, kujerarsa ta zauna haka nan. Nama ya ragu har ana ƙirga haƙarƙarin zaki daga nesa. Ƙarafa suka yi tsatsa, masu zuwa kallo suka koma kallon namun dajin wasu ƙasashe a waya. Wata damina daɓen ɗakin Marka ya farfashe, Gali ya faɗa wa na sama da shi har ya gaji da faɗa. Ta zame a taɓo ta faɗi, kuma irinsu in sun faɗi da wuya su tashi. Kanta yana kan cinyarsa ta cika.

Da ya zo gida a makon nan, Barira ta jawo kujerarta ta ce, "Yaya Marka?" Ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya. Sai ya ji kansa yana cewa, "Lafiyarta ƙalau, tana gaishe ki." Tun daga nan ya ci gaba da ƙirƙiro mata labari, yana karɓar buhun gawo yana zuba wa awakin wani mai gadi. Abin yana cin ransa, amma in ya daina me zai riƙo mata? Har ya yi ritaya ya dawo noma bai faɗa ba.

Bana idon Barira ya fara dushewa. Daga asibitin Gwarzo aka tura su birni, likitan birni ya duba ya ce na hagu ya tafi, na dama ma yana kan hanya. Suna fitowa bakin asibiti ta riƙe masa hannun riga.

"Malam, kai ni in ga Marka, tun ina rarrabe fari da baƙi."

Ya kawo zancen rana, ya kawo zancen mota. Ta ce ita dai a kai ta.

Da suka shiga gidan zu, ba kowa sai masu sayar da ruwa da wasu samari a gindin bishiya. Ya ja ta a hankali, keji bayan keji, wasu da biri ɗaya a takure, wasu ciyawa ta cinye su. Da suka iso wurin Marka, shingen ya karye, tafasa ta kai ƙugu. Ya dubi idon matarsa, ya ga ba ta hangen nesa. Ya ɗaga hannu ya nuna wata bishiyar darbejiya.

"Ga ta can, ta juya mana baya tana cin ganye. Kin san halinta da baƙo."

Barira ba ta ko ɗaga kai ba. Ta lalubo ƙarfen shingen ta dafa.

"Malam, sauke hannunka. Wa ke wanke maka kaya duk shekarun nan? Warin dabbar nan ko an sa sabulu sau uku ba ya fita. Daminar da ka zo da riga duk taɓo, daga ita ban sake jin sa ba."

Ya sauke hannun ya ce, "To gawon da kike ba ni fa?"

"In na daina, ai ka san na sani. Na ga ba ka shirya faɗa ba."

"Me ya kawo ki, Barira?"

"A garinmu ko tunkiya mutum ya rasa, maƙwabta sukan shigo su yi masa jaje. Kai ka raini abu shekara da shekaru, ya mutu a hannunka, ko mutum ɗaya bai ce maka sannu ba. Na so in yi maka a inda abin ya faru, tun ina iya ganin fuskarka."

Ta gyara mayafinta, ta durƙusa a cikin tafasar nan da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, kamar yadda ake yi in an shiga gidan da aka yi rashi.

"Sannu, Malam. Ya haƙuri? Allah ya mayar da alheri."

Gali ya nemi ya amsa da "Haƙuri da godiya," irin yadda kowa ke amsawa, muryar ta ƙi. Ya zauna a ƙasa kusa da ita ya rufe fuska da hularsa, ya yi kukan da yake riƙe da shi tun waccan daminar.