Karfasar da Aka Zuba Mana a Tafkin Hatta

Ko da zan tsufa har in manta sunayen jikokina, ba zan manta da abin da aka yi wa kifayena a Hatta ba. An fi shekara goma yanzu, amma har gobe in na ga karfasa a faranti sai raina ya ɓaci. Matata kan ce ni kaɗai ne mutumin da ta taɓa gani yana gaba da kifi.

A 2012 na je Dubai. Kiwon kifi na karanta a gida, na yi ta yawo da takardu babu aiki, har wani abokin babban wana ya nema mini biza. Shi ne manajan wata gona a Hatta, can cikin duwatsu kusa da iyakar Oman. Tun ina ƙarami Yaya nake ce masa, ya sha ɗaukata a kan babur, ya sha cin tuwo a gidanmu. Ku riƙe wannan, don a nan matsalar take.

Mai gonar wani dattijon Balarabe ne mai sanyin magana. Ya ce lokacin yarintarsa akwai wasu ƙananan kifaye a kududdufan kwarin da ke ratsa gonar, in ka sa ƙafa a ruwa sai su zo suna tsotsa. Da aka yi wata 'yar madatsa a saman gonar don tare ruwan sama, kududdufan suka ƙafe, kifin ya ɓace. Burinsa ɗaya kafin ya bar duniya, a mayar da kifin nan cikin ɗan tafkin da ya taru a bayan madatsar, jikokinsa su gani. Don haka ya ɗauko wata Baturiya 'yar Kanada, masaniyar kifi, tana zuwa duk bayan 'yan watanni, ni kuma aka ɗora mini aikin yau da kullum.

Baturiyar nan ita ta sa aikin ya shiga raina. Ta nuna mini hoton wani jan kifi mai koren kai, dangin salmon. Ta ce yana girma a tafki, ya gangara teku, in ya isa haihuwa ya juyo yana hawan kogi har inda aka ƙyanƙyashe shi. Da aka gina madatsu aka tare masa hanya, tafkuna da yawa suka wayi gari babu shi. Ta yi shekaru cikin masu ƙoƙarin mayar da shi, har a mota suke ɗaukar kifi su tsallakar da shi madatsa. Ta ce, "Kashe kifi a ruwa aikin shekara ɗaya ne. Mayar da shi kuwa yana iya cinye rayuwar mutum." Na yi dariya a lokacin, ban san da ni take ba.

Namu kifin ba ja ba ne, ba kyau gare shi ba. Bai wuce ɗan yatsa ba, kalar ƙasa, kullum yana manne da dutse yana kankarar gansakuka. Da izinin hukuma muka samo 'yan kaɗan daga wani kwari mai nisa, muka sa su a tankuna. Wata goma sha takwas ina jinyarsu kamar jarirai. Lokacin zafi, sa'ad da ruwan famfo kansa ke ƙona hannu, ni ne auna ruwa, ni ne sanyaya shi. Injin ba da iska ya taɓa lalacewa, na tuƙa mota har Ras Al Khor a cikin Dubai na sayo kayan gyara na dawo ban tsaya na sha ko shayi ba. Ranar Juma'a in na je wajen abokai a unguwar Al Sabkha a Dubai, tun daga ƙofa suke fara tsiya: "Ga injiniyan kifin da bai cika cokali ba!" Ban damu ba, don na ga ranar da suka fara ƙyanƙyasa, na kuma san abin da na ji.

Da sanyi ya shigo aka yi ruwa, tafkin ya cika, muka sake su. Bayan 'yan makonni na durƙusa a bakin ruwa na ga 'ya'ya sirara kamar zare suna yawo a tsakanin duwatsu. A tafkin aka haife su, ba a tanki ba. Na aika wa Baturiyar hoto, dattijo kuma ya sa rana, ya ce ran Asabar zai zo da 'yan'uwansa da jikokinsa.

Ran Laraba da yamma Yaya ya zo duba wurin. Ya tsaya da hannu a baya, ya leƙa nan, ya leƙa can, ya ce, "To ina kifin?"

Na ce, "Ga su nan, Yaya, a jikin dutse. Sai ka sunkuya."

"Sunkuya? Manyan mutane za su taso tun daga Dubai su zo su sunkuya? Habibi, kai ba ka san Larabawan nan ba. Abu suke so su gani da ido. Akwai karfasa a tankin ban ruwa na maƙwabta, manya-manya. Zan sa a kwaso a zuba, ruwa ya yi kyan gani."

Na san karfasa ciki da waje. Ba ta barin ƙwai, ba ta barin 'ya'yan wani kifi, ga haihuwa kamar me, uwar tana ɓoye 'ya'yanta a baki babu mai taɓa su. In ta shiga ƙaramin ruwa irin wannan, ta shiga ke nan. Duk wannan yana cikin kaina, a shirye, kamar karatun allo. Amma me ya fito daga bakina? Na sunkuyar da kai, na sosa ƙeya, na ce, "Anya kuwa, Yaya? Da dai an jira Baturiyar."

Ya ce, "Baturiya tana Kanada. Khalas, magana ta ƙare, ka bar mini wannan."

Ni kuma na ce, "To, Yaya."

A gidanmu haka aka koya mana. Ba ka ce wa babba a'a, balle wanda ya ɗauko ka daga zaman banza. Za ka ce "anya kuwa", shi kuma ya gane nauyinsa kake ji, ya janye da kansa ba tare da an kunyata kowa ba. Na tafi hutun ƙarshen mako da yaƙinin ya fahimce ni. Wallahi har cewa na yi a raina na iya magana da manya.

Asabar da safe na iso na tarar da tafkin yana motsi. Karfasa ce ko'ina, manya, suna ta kiwo a daidai duwatsun da 'ya'yan kifina suke. Kafin in dawo hayyacina motocin baƙi sun iso. Yaya yana gaba da sabuwar shadda yana ta "yalla, yalla, ku zo ku gani". Yara suna murna suna jefa burodi. Dattijo ya tako da sandarsa har bakin ruwa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Wannan ba kifinmu ba ne." Ya juya ya koma mota, ko gahawa bai sha ba.

Daga ranar na shiga ruwa da birgi. Safe da yamma ina jifa, ina fitar da karfasa ina zagi. Na kwashe manyan, amma sun riga sun zuba 'ya'ya a kowane lungu. Kafin zafi ya dawo, sai in yi awa guda a durƙushe ban ga ko ɗaya daga cikin nawa ba.

Da Baturiyar ta zo aka zauna da dattijo a ƙarƙashin dabino. Aka tambayi Yaya, sai ya buɗe hannu ya ce, "Ni ba masanin kifi ba ne. Masanin yana tsaye na faɗa, bai hana ba. 'To' ya ce mini."

Na manta da baƙi, na juya da Hausa na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah! Ban ce maka anya kuwa ba? Kai ba Bahaushe ba ne? Ba ka san abin da nake nufi ba?"

Ya zaro ido. "Ni kake ɗaga wa murya? Ni da na kawo ka ƙasar nan?"

Ya sani sarai. Ya ji "anya kuwa" ɗina, ya gane, ya taka ta ya wuce don ya san ba zan iya ƙarawa ba, sannan ya ɗauki ladabina ya kare kansa da shi. Wannan ne har yau ban huce ba. Amma Baturiyar ba ta bar ni na ji daɗin fushina ba. Ta dube ni ta ce, "Ka san abin da karfasa za ta yi?" Na ce na sani. Ta ce, "Ka ce masa kada ya zuba?" Na buɗe baki zan yi mata bayanin yadda muke magana da manya a wajenmu, sai na ji bayanin ya yi mini nauyi. Na ce, "Ban ce ba."

Dattijo bai kori kowa ba, bai yi faɗa ba. Ya ce a rufe aikin kawai, shi ya gaji. Har na bar gonar bayan shekara guda, ban sake ganinsa a bakin tafkin ba.

Ina jin haushin Yaya, kuma zan ci gaba da ji. Amma abin da na koya a kaina na koye shi. Girmama babba daban, barinsa ya yi ɓarna a kan abin da kai ka sani shi bai sani ba daban. Tun daga lokacin, in magana ta zo kan aikina, ko wane ne a gabana nakan gaishe shi da kyau, in rusuna, sannan in ce masa a'a da baki, yadda ko a gaban shaidu ba zai ce bai ji ba.