Takardar da Kaka Ya Ba Ni In Karanta

Jiya ina kwashe kaya na ci karo da tsohon littafina mai shuɗin bango. Har yanzu warin albasa yake yi, don a zauren kakana nake ajiye shi, bisa buhunan da ake kawo masa daga Garu.

Ina lise a lokacin, wato babbar sakandare, burina aikin likita. Ba ni da surutu, ba ni da abokai, sai littafin nan. Kowane shafi na raba shi biyu: hagu guntun kalmar Girkanci ko Latin, dama ma'anarta. Kardiyo, zuciya. Nefro, ƙoda. Komai tsawon kalmar likitoci sai in yanka ta gunduwa-gunduwa har ta buɗe.

Da bazarar wata shekara Kaka ya rame, idonsa ya yi rawaya. Kawu ya kai shi asibiti a Paraku, suka dawo da takarda. Aka ce masa ciwon shawara ne, zai tashi kafin ruwa ya sauka. Ban san manya sun haɗa baki su ɓoye masa gaskiya ba. Wa zai gaya wa yaro?

Wata la'asar, abokan kasuwarsa na zaune, ya zaro takardar daga ƙarƙashin buzu.

"Taho, malamin boko. Mi anka rubuta nan?"

Ba a taɓa kirana gaban mutane in nuna abin da na sani ba. Na ga kalmar, doguwa, kuma babu yankinta da ba ya cikin littafina. Daɗi ya kama ni. Wallahi daɗi na ji.

"Hepato, hanta ke nan. Karsino, ciwon daji. Om kuwa ƙari."

Na ɗaga kai ina jiran yabo. Baƙin duk sun sunkuya. Kawu na bakin ƙofa da buta a hannu, ya kasa shigowa.

Kaka ya karɓi takardar, ya ninke ta a hankali.

"Madalla," in ji shi. "Karatu bai tashi banza ba."

Daga ranar ya daina tambayar yadda albasa ta kwana a kasuwa. Bai ga damina ba. Ba wanda ya tsawata mini, ko sau ɗaya, kuma na so a ce an yi.

Yau ina aikin jinya nan Malanbil. Masu ciwo kan bincika kalmar a waya tun kafin su iso gabana, ɓoyewa ta yi wuya. Amma duk tsohon da ya miƙo mini takarda ya ce in karanta masa, kafin in dubi kalmar sai na dubi bakin ƙofa.